Yadda mazaunin Jihar Niyok zai tsara wasiyyarsa da gadonsa bisa dokokin jihar na yanzu

A Amurka rabon gado hurumin jihohi ne, kowace jiha da dokarta, shi ya sa abin da ɗan'uwanka da ke Teksas ya gaya maka ba lalle ne ya yi maka amfani a Bronx da ke birnin Niyok (New York) ba. Jihar Niyok ta gyara dokokinta na wannan fanni sau da dama a 'yan shekarun nan. A 2019 ta ɗaga iyakar ƙaramar tarika, wato dukiyar da mamaci ya bari, da ake iya rabawa ta gajeriyar hanya daga dala 30,000 zuwa dala 50,000, a ranar 13 ga Yunin 2021 sabuwar dokar takardar wakilci, wato takardar da ke ba wani ikon tafiyar da harkokin kuɗinka a madadinka, ta fara aiki, sannan daga ranar 19 ga Yulin 2024 aka ba mai gida damar rubuta takardar da za ta miƙa gidansa ga wanda ya zaɓa da zarar ya rasu, ba tare da an bi ta kotu ba. Gyare-gyaren nan sun kawo sauƙi, amma ko ɗaya daga cikinsu bai taɓa abin da ya fi damun Musulmin da ke zaune a jihar ba, wato cewa kotun Niyok ba za ta raba dukiyarsa bisa ƙa'idar Musulunci ba matuƙar shi da kansa bai rubuta hakan yadda dokar jihar ta yarda da shi ba. Duk abin da za a faɗa a nan ya shafi mace kamar yadda ya shafi namiji.

Mataki na farko shi ne ka san abin da zai faru idan ka rasu ba ka bar wasiyya ba, domin da shi za ka auna sauran matakan. Dokar jihar ta ce idan mamaci ya bar mata da 'ya'ya, matar za ta ɗauki dala 50,000 na farko da rabin abin da ya rage, 'ya'yan kuma su raba sauran daidai wa daida, mace da namiji. Idan babu 'ya'ya, matar ce za ta kwashe duka. Iyaye ba su da komai muddin akwai mata ko 'ya'ya. A ɗauki misalin mutumin da ya bar dala 240,000 bayan an biya basussukansa, ya bar mata ɗaya, ɗa ɗaya, 'ya'ya mata biyu, da mahaifiya a Kumasi ko Damagaram. A dokar Niyok matar za ta samu dala 145,000, kowane ɗaya daga cikin 'ya'yan uku ya samu kusan dala 31,667, tsohuwar kuma ba za ta ga ko sisi ba, ko da ita yake aika wa kuɗin cefane duk wata. A rabon Musulunci kuwa matar tana da sumuni (ɗaya cikin takwas), wato dala 30,000, mahaifiyar tana da sudusi (ɗaya cikin shida), dala 40,000, ɗan ya ɗauki dala 85,000, kowace 'ya ta samu dala 42,500. Tazarar ba ƙarama ba ce, kuma alƙali ba shi da ikon cike ta don an gaya masa cewa marigayin mai salla ne. Magada baligai suna iya yin sulhu a tsakaninsu bayan rabo, amma idan akwai ƙananan yara a ciki kotu ba za ta bari a rage musu kasonsu ba, kuma dogaro da sulhun da za a yi bayan ranka dogaro ne da abin da ba ka da iko a kansa.

Daga nan sai ka zauna ka lissafa abin da ka mallaka, ka raba shi gida biyu: dukiyar da za ta bi ta kotu da wadda ba za ta bi ba. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, domin suna zaton wasiyya tana hukunta komai. Asusun fansho na wurin aiki, inshorar rai, asusun banki da aka rubuta wa sunan wanda zai karɓa bayan mutuwa, da gidan da miji da mata suka saya da sunayensu biyu, duk waɗannan suna wucewa kai tsaye ga wanda sunansa ke jikin takarda, ko da wasiyya ta faɗi wani abu dabam. Mutum yana iya biyan lauya ya rubuta masa wasiyya mai kyau, alhali mafi yawan dukiyarsa tana cikin asusun fanshon da ya cike fom ɗinsa shekara 15 da suka wuce da sunan ƙanensa, tun kafin ya yi aure. Saboda haka ka nemi kwafin kowane fom daga banki da kamfanin inshora da wurin aiki, ka ga sunan wa ke ciki. Ka kuma sani cewa a asusun fansho irin na 401(k) dokar tarayya ta ba matar aure fifiko, kuma ba za a ba wani ba sai da rubutacciyar amincewarta.

Filaye da gidajen da ke gida Najeriya, Nijar ko Gana suna bin dokar ƙasar da suke, ba ta Niyok ba. Gidan da ke Kano kotun Shari'a ce za ta raba shi idan an kai mata. Ka sanar da lauyanka da su, domin idan za a rubuta wasiyya biyu, ɗaya a can ɗaya a nan, dole a tsara su yadda ta biyu ba za ta soke ta farko ba.

Mataki na uku shi ne rubuta wasiyyar kanta, kuma a nan dokar jihar tana da tsauri kan siga fiye da yadda mutane ke tsammani. Mai wasiyya sai ya kai shekara 18 kuma yana cikin hankalinsa. Wasiyyar ta zama a rubuce, ya sa hannu a ƙarshenta, a gaban shaidu biyu ko kuma ya tabbatar wa kowannensu cewa sa hannun nasa ne, ya kuma furta musu cewa wannan takarda wasiyyarsa ce. Shaidun biyu su sa hannu cikin kwana 30. Takardar da mutum ya rubuta da hannunsa ya ajiye cikin Alƙur'ani ba tare da shaidu ba, ko saƙon murya da ya tura wa yayansa ta WhatsApp, ko abin da ya faɗa wa limami a gadon asibiti, duk ba wasiyya ba ce a idon kotu, in ban da sassaucin da aka yi wa sojojin da ke bakin daga da ma'aikatan jirgin ruwa da ke kan teku. Kada ka sa wanda zai ci gado cikin shaidu, domin dokar tana iya soke abin da aka ba shi ko ta rage shi idan babu wasu shaidu biyu da ba su da rabo. Ka kuma nemi shaidun su sa hannu a takardar rantsuwa a gaban notari, wato jami'in da jiha ta ba izinin tabbatar da sa hannu, a ranar da aka yi wasiyyar, don kada bayan shekara 20 a shiga neman shaidan da ya koma gida ko ya riga ka tafiya.

Dokar Niyok ba ta tilasta wa uba ya bar wa 'ya'yansa daidai ba, don haka babu abin da zai hana wasiyya ta ba ɗa ninkin rabon 'ya, ta ba iyaye sudusinsu, ta kuma ware abin da bai wuce sulusi ba ga masallaci, makaranta ko wanda ba magaji ba. Sai dai rubuta jimla ɗaya cewa a raba bisa Shari'a ba ya wadatarwa, domin kotunan Amurka suna ƙyamar shiga fassarar hukuncin addini, kuma magaji ɗaya mai jayayya ya isa ya tsayar da komai. Abin da ya fi shi ne malami masanin gado ya fitar da kason kowa a lissafe, har da yadda rabon zai sauya idan wani magaji ya riga ka rasuwa, sannan lauya ya zuba wannan lissafi cikin harshen doka. A ganina wannan ne wurin da bai kamata a yi tsumulmular kuɗin lauya ba, ko da an yi a sauran wurare.

Matsala mafi girma ita ce haƙƙin matar aure, ko mijin aure idan matar ce ta rasu. Dokar jihar ta ba wanda ya rage a raye cikin ma'aurata damar ƙin abin da wasiyya ta ba shi, ya nemi dala 50,000 ko kashi ɗaya cikin uku na dukiyar, duk wanda ya fi yawa, kuma a wajen wannan lissafi ana haɗawa da yawancin dukiyar da ba ta bi ta kotu ba, kamar asusun haɗin gwiwa. A misalinmu na sama, matar da wasiyya ta ba dala 30,000 tana iya neman dala 80,000, kotu kuma za ta ba ta, muddin ta nema cikin wata shida daga ranar da aka naɗa mai kula da tarikar, kuma kafin cikar shekara biyu da rasuwar. Hanyar da doka ta bari ita ce matar ta yafe wannan haƙƙi a rubuce tun ana raye, ta sa hannu, notari ya tabbatar. Ya kamata a yi wannan da yardarta ta gaskiya, bayan an bayyana mata dukiyar da ake magana a kai, kuma zai fi kyau ta samu nata lauyan, domin takardar da aka sa mace ta sa wa hannu ba ta san abin da ke ciki ba ita ce ta fi saurin rushewa a kotu. Mai hankali kuma zai duba halin da matar za ta shiga a garin da kuɗin haya ke cinye albashi, ya mallaka mata abin da zai mallaka mata tun yana da rai da lafiya, tunda kyautar mai rai ba gado ba ce.

Akwai abubuwa biyu na aure da ake jin nauyin faɗa amma dole a faɗa. Sakin da aka yi da baki ko a gaban limami a nan Niyok ba ya raba aure a wurin hukuma, saboda haka matar da ka saka shekara biyar da suka wuce ba tare da hukuncin kotu ba tana nan a matsayin matarka ranar rabon gado. Idan kuwa kotu ce ta raba auren, doka tana soke abin da wasiyya ta ba tsohuwar matar. Na biyu, jihar ba ta yarda da auren mace fiye da ɗaya ba, don haka kada mai iyali biyu ya ɗauka cewa kotu za ta ba ta biyun kason matar aure. Sai an ambace ta da sunanta a wasiyya, kuma a tabbatar akwai takardun da ke nuna cewa 'ya'yanta naka ne. Wannan magana ce da za a yi da lauya a keɓe, domin tana iya taɓa batun takardun zama.

Sai zaɓen wasiyyi, wato wanda zai tattara dukiya, ya biya bashi, ya raba. Al'adarmu ita ce a ɗora wa babban wa ko kawu, amma dokar Niyok ba ta yarda wanda ba ɗan ƙasar Amurka ba kuma ba mazaunin jihar ba ya riƙe wannan aiki shi kaɗai, sai dai tare da wani mazaunin jihar, kuma da amincewar kotu. Ka zaɓi wanda ke kusa, mai amana, wanda ba ya tsoron takardu, ka kuma ambaci na biyu ko da na farkon ya gaza. Doka ta yanka masa lada: kashi 5 cikin ɗari na dala 100,000 na farko, kashi 4 na dala 200,000 da ke biye, kashi 3 na dala 700,000 da ke bayansu, haka yana raguwa, kuma yana iya yafewa. Idan babu wanda ya cancanta, jami'in gwamnati mai kula da tarikar da ba ta da mai riƙo ne zai karɓa, dangin da ke gida kuma sai sun kawo hujjojin dangantaka, abin da kan ɗauki lokaci mai tsawo ga mutanen da ba a yi musu takardar haihuwa ba. A cikin wasiyyar ne kuma ake ambaton wanda ake so ya riƙe ƙananan yara idan iyaye biyu sun rasu.

Yanzu ga sabuwar takardar miƙa gida bayan mutuwa, wadda ta shigo cikin kasafin kuɗin jihar da Gwamna Kathy Hochul ta sa wa hannu a Afrilun 2024. Ɗaya daga cikin dalilan kawo ta shi ne yawan gidajen da masu su suka rasu ba wasiyya, suka zauna shekaru da sunan mamaci, har 'yan damfara suka samu kafar sayen kason wani magaji na nesa ko ƙirƙirar takardun bogi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yadda ake yin ta shi ne mai gida ya rubuta sunan wanda zai karɓa da cikakken bayanin gidan kamar yadda yake a takardar mallaka, ya bayyana cewa miƙawar za ta auku ne bayan rasuwarsa, ya sa hannu a gaban shaidu biyu, notari ya tabbatar, sannan a yi mata rajista a ofishin rajistar filaye na gundumar da gidan yake tun yana raye. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ginshiƙi, domin takardar da aka samu cikin akwati bayan jana'iza ba a yi mata rajista ba, ba ta da wani amfani. A Bronx, Brooklyn, Manhattan da Queens ofishin rajista na birni ne ke karɓa, a Staten Island kuma ofishin akawun gundumar Richmond.

Muddin mai gida yana raye gidan nasa ne, yana iya sayarwa, ya jinginar, ko ya soke takardar ta hanyar yin rajistar wata sabuwa ko takardar sokewa. Amma wasiyya ba ta soke ta, kuma yaga kwafin da ke hannunka ba ya soke ta. Wanda ya karɓi gidan zai karɓe shi da bashin bankin da ke kansa, kuma idan sauran tarikar ba ta isa biyan basussukan mamaci ba ana iya bin gidan cikin wata 18. Takardar ba ta aiki a kan gidajen haɗin gwiwa irin na rukunin gidajen Co-op City da ke Bronx, domin abin da mazaunin irin wannan gida ya mallaka hannun jari ne a kamfanin da ke da ginin. Idan aka rubuta sunayen mutane da dama ba a fayyace kason kowa ba, za su raba daidai ne. Ga Musulmi akwai ƙarin abin dubawa: kyautar da ba ta tabbata sai bayan mutuwa hukuncinta hukuncin wasiyya ne a fiƙihu, kuma sananne ne cewa babu wasiyya ga magaji. Wanda ya rubuta wa ɗa ɗaya gida ta wannan hanya ya sauƙaƙa masa sha'anin kotu, amma yana iya jefa shi cikin cin haƙƙin 'yan'uwansa, saboda haka a kai wa malami lissafin kafin a kai takardar rajista.

Wanda yake da gida fiye da ɗaya, ko ƙananan yara, ko magada da yawa a ƙasashen waje, ya tambayi lauya game da asusun amana na mai rai, wato tsarin da mutum zai mayar da dukiyarsa ƙarƙashin amanar da shi ne mai riƙonta yana raye, wanda ya naɗa kuma ya gaje shi a riƙon ya raba bayan rasuwarsa ba tare da kotu ba. Ana rubuta shi a sa hannu a gaban notari ko shaidu biyu, amma ba ya hukunta komai sai abin da aka mayar da sunansa cikinsa a zahiri, kuma ba ya kawar da haƙƙin matar aure da aka ambata. Batun harajin gado kuwa bai shafi yawancin mutane ba, tunda a 2025 jihar ba ta ɗora harajin a kan tarikar da ba ta wuce dala miliyan 7.16 ba.

Akwai takardu uku da ke aiki kafin a zo ga rabon gado, kuma sau da yawa su ake fara buƙata. Takardar wakilci tana ba wanda ka amince da shi ikon taɓa asusunka da biyan haya idan ciwo ya kwantar da kai. Gyaran 2021 ya soke ƙarin takardar kyauta da a da ake haɗawa da ita, ya ɗaga kyautar da wakili zai iya yi ba tare da izini na musamman ba daga dala 500 zuwa dala 5,000 a shekara, ya wajabta shaidu biyu tare da notari, wanda shi ma yana iya zama ɗaya daga cikin shaidun, ya kuma ba banki kwanakin aiki 10 ya karɓa ko ya bayyana dalilin ƙi. Takardar da aka yi daidai kafin wannan gyara tana nan da ƙarfinta. Ikon wakili yana ƙarewa ne da fitar rai, don haka cire kuɗi da ita bayan rasuwa laifi ne ko da don hidimar jana'iza aka yi. Ta biyu ita ce takardar naɗa wanda zai yanke shawarar magani a madadinka, wadda shaidu biyu suka ishe ta. Ta uku, wadda mutanenmu suka fi mantawa da ita, ita ce takardar naɗa wanda zai kula da gawa. Da ita ne za ka rubuta cewa a yi maka wanka da salla a binne ka, ko a mayar da kai gida, kuma wanda ka naɗa yana gaban kowa a wannan hukunci. Kada ka bar wannan umarni cikin wasiyya kaɗai, domin sau da yawa ba a buɗe ta sai bayan an dawo daga maƙabarta.

Idan rasuwa ta auku, iyali za su nemi kwafin takardar shaidar mutuwa da yawa, su kai asalin wasiyyar kotun gado ta gundumar da mamaci yake zaune, wadda ake kira Surrogate's Court. Kada a cire ƙusar da ta haɗa shafukan wasiyyar don yin kwafi, domin kotu za ta nemi bayanin dalili a rubuce. Idan dukiyar da ke da sunan mamaci shi kaɗai, ban da gida ko fili, ba ta wuce dala 50,000 ba, ana bin gajeriyar hanya da kuɗin shigarwa dala 1 kacal, kuma mutane da yawa suna yin ta ba lauya. Idan ta wuce haka, kuɗin shigarwa yana tashi gwargwadon girman tarikar har zuwa dala 1,250, kuma dole a sanar da duk wanda zai ci gado da a ce babu wasiyya, ko da yana Agadas ne, ya sa hannu kan amincewa ko a aika masa sammaci. Shi ya sa yana da kyau ka bar jerin sunayen magadanka da adireshinsu da lambobin wayarsu tare da wasiyyar. Bayan kotu ta ba wasiyyi takardar iko, masu bin bashi suna da wata bakwai su gabatar da buƙatarsu, kuma wasiyyin da ya yi gaggawar rabawa kafin cikar wannan wa'adi, don dangi suna matsa masa lamba daga gida, yana iya biyan bashin da ya ɓullo daga aljihunsa.

Ka ajiye asalin wasiyyar inda wasiyyi zai iya kai hannu, ko a wurin lauya, ko a kotun gadon kanta, wadda ke karɓar ajiyar wasiyya kan ɗan kuɗi kaɗan. Akwatin ajiya na banki da ke da sunanka kai kaɗai ba wuri ne mai kyau ba, domin buɗe shi bayan rasuwa sai da umarnin kotu. Ka sake duba takardun duk lokacin da aka yi haihuwa, aure, saki ko rasuwa a cikin magada, ko ka sayi gida, ko ka ƙaura zuwa wata jiha, kuma idan gyara ya kama kada ka soke layi da biro ka rubuta wani a samansa, sai dai a yi sabuwar wasiyya ko ƙarin takarda da shaidu biyu kamar yadda aka yi ta farko.